Damin Baba a Gindin Rumbu

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da mata da 'ya'ya da rumbu ɗaya na ƙasa a bayan ɗakinsa. Ubansa ne ya gina rumbun, ya ɗora shi a kan duwatsu, ya yi masa baki a sama, ya rufe da jinka. Duk mai son ɗibar dawa sai ya kafa tsani ya hau, ya ɗage jinkar, ya zaro dami daga sama. Saboda haka abin da ke sama kowa na ganinsa. Abin da ke ƙasa kuwa, sai wanda ya kwashe rumbun ƙaf.

A shekarar da uban ya rasu, ya bar dami guda na dawar da ya noma da hannunsa. Mutumin ya ɗauki damin nan yana hawaye, ya shiga rumbu ya kwantar da shi a can gindi, ya ce, "Wannan albarkar Baba ce. Muddin ina da rai, ba mai taɓa shi." Daga ran nan, kowace kaka sai ya jibga sabuwar dawa a kan tsohon damin, ya rufe, ya yi tafiyarsa.

Kada ku yi masa dariya tukuna. Ƙauna ce ta sa shi, ba mugunta ba. Sai dai ƙwaro ba ruwansa da ƙauna, dawa ya gani.

Matar mutumin nan kuwa mace ce mai tsabta, irin wadda tsintsiya ke tsufa da wuri a hannunta. Kwanon tuwo ba ya kwana a gidanta ba wanki. Tukunya in ta sauke, faifai na kai. In ta yi surfe sai ta tattara dusa duka, ta share gindin turmi, don kada ɓera ya sami abin da zai kawo shi. Ruwan wanke-wanke ba ta watsa shi a gindin bango inda damshi zai jawo gara da kyankyaso, can bayan gida take kai shi. Tsohuwar tukunya, fasasshen kasko, duk abin da zai tara ruwa sauro ya hayayyafa a ciki, kife shi take yi. Ranar da rana ta buɗe sai ta fito da tabarmi da bargo ta baza, saboda kuɗin cizo. Rami in ta gani a bango, ba ta cewa sai gobe, nan take za ta kwaɓa laka ta toshe. Wakenta kuwa sai ya sha rana ya ƙoshi, ta cakuɗa shi da toka da barkono, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin. Waken nan bai taɓa hujewa ba.

Wuri ɗaya ne a gidan tsintsiyarta ba ta taɓa shiga ba, cikin rumbu. Rumbu na maigida ne.

Duk da wannan tsabta, kowace shekara dawar gidan ba ta kai su sabon hatsi. Tun damina ba ta raba ba sai a riƙa zaro dami ba nauyi, zangarniya duk huji, in an bugo ta gari ne ke tashi. Ɓeraye kuma suna yawo a tsakar gida kamar su suka gina shi. Yara su kwana da rabin ciki, ga noma ana yi.

Wata rana mutumin yana cin tuwo a ƙofar gida tare da maƙwabta, sai ya ga abu baƙi a lomarsa. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Ke! Zo ki gaya wa mutanen nan abin da kika dafa mini."

Ta leƙo ta ce, "Ƙwaro ne, Baban Afiniki. Na tankaɗe garin nan har hannuna ya mutu. Daga dawar yake zuwa."

"Daga dawar! To dawar ce ta haife shi? Ƙazantarki ce dai. Share-sharen banza kike yi don a gani."

Maƙwabta suka sunkuyar da kai, kowa ya sa ido a kwanonsa. Matar ta koma ciki. Sai da suka watse ta same shi ta ce, "Ka yarda bana, kafin a zuba sabuwa, mu kwashe rumbun nan mu share shi, mu turara."

"Har da damin Baba?"

"Har da shi."

"Af! Yau magana ta fito. Ashe ba ƙwaro ne ya dame ki ba, ubana ne ya tsone miki ido. Yana kabari ma ba za ki bar shi ya huta ba?"

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

A shekarar nan Ubangiji ya ba da ruwa a kan kari, gona ta yi kyau irin wanda mutumin bai taɓa gani ba. Dawa ta cika rumbu har baki. Ya tsaya a kan tsani ya dubi 'ya'yansa ya ce, "Bana kam ba wanda zai kwana da yunwa a gidan nan." Abin da ke cikin rumbun nan shi ne duk abincinsu har wata kaka. Ba su da wani, ba su kuma da inda za su nemo.

Kada kuma ku ɗauka zama ya yi. Ya yi ƙoƙari, irin ƙoƙarin da mutum ke yi a ko'ina ban da inda ciwon yake. Ya je kasuwa ya sami wani mai zaƙin baki ya sayar masa da hodar kashe ƙwari, ya zo ya barbaɗa a saman rumbu. Ya samo kyanwa. Ya kafa tarko. Ya yi faɗa da gidan da ke gabas da su a kan jujinsu. Tsohon damin kuwa yana can ƙasa, cikin duhu da ɗumi, ba wanda ya gaishe shi.

To, mutumin yana da wani maƙwabci tsoho, abokin ubansa ne tun suna samari, shi ya sa yake ce masa Baffa. Tsohon yana da san noma guda, ƙato, mai taurin kai, har ya raɗa masa suna Tsagera. Ana nan cikin rani, wata rana da tsakar rana, ƙuda ya ishi san nan. Ya fizge turke, ya keta danga, ya shigo gidan mutumin yana neman abin da zai yi susa. Bai ga abin da ya yi masa daidai ba sai rumbu. Ya jingina ƙugunsa da shi, ya goga, ya ƙara gogawa. Dutse ɗaya ya zame daga ƙarƙashi, rumbun ya karkace, gefensa na ƙasa ya tsage da ƙara.

Mutumin ya fito a guje da sanda. Da ya ga ɓarnar sai ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo, an kashe ni! Rumbun ubana! Baffa! Baffa, fito ka ga aikin sanka!"

Tsohon ya shigo a hankali yana dogara sandarsa, ya kama igiyar san, ya ce, "Kai Tsagera, Allah ya shirye ka. Ɗana, yi haƙuri. Zan gyara."

"Haƙuri? Haƙuri zan dafa wa yara? Wallahi Baffa, ba don furfurarka ba, da yau naman san nan za a raba a unguwar nan. Gidan mai unguwa za mu!"

"Za mu je. Amma bari na ga girman laifin da za a tuhume ni da shi."

Tsohon ya durƙusa, ya sa bakin sandarsa a tsagar ya ɗan zungura. Ba dawa ce ta zubo ba. Gari ne, fari-fari, mai warin ruɓa, yana malala kamar yashi, ƙwari baƙaƙe suna motsi a cikinsa. Ya ƙara zungurawa sai ga ɓera ya faɗo, wani ya biyo shi, suka bi ta tsakanin ƙafafun mutumin. Kyanwar tana kwance a inuwa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Tsohon ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan kuma ba aikin Tsagera ba ne."

Mutumin ya saki sandar hannunsa.

Ba yadda zai yi, rumbu ya riga ya tsage, dole a kwashe. Matarsa ta shimfiɗa tabarmi a rana, maƙwabta suka zo, aka kafa tsani aka shiga miƙo dami. Na sama lafiya lau, da nauyinsu. Na tsakiya ma da dama-dama, sai ɗan huji nan da can. Da aka gangara ƙasa kuwa, sai dami ya zama ba dami ba, in an ɗaga shi ya wargaje a hannu. Ɓarnar daga gindi take hawowa, tana cin sabuwar dawa sannu a hankali. Kowa ya duba ya san cewa da an bar ta har ruwa ya sauka, da ta kai baki.

Daga ƙarshe mutumin ya shiga da kansa ya ɗauko damin ubansa. Ba sauran ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Igiya ce kawai, da busasshen kara, da sheƙar ɓeraye a tsakiya. Ya fito da shi a rungume, ya zauna a ƙasa.

Tsohon ya zauna kusa da shi ya ce, "Ka san abin da ubanka yake yi duk shekara kafin kaka? Ni nake riƙe masa tsani. Sai ya kwashe rumbun nan har ya ga ƙasa. Ragowar bara a ci ta, ko a ba kaji, amma ba ya yarda ta haɗu da sabuwa. Ya share, ya ƙone sharar, ya hura wutar kara da barkono a ciki har mu duka mu riƙa atishawa. Ya yaɓe kowace tsaga, ya bari ta bushe, ya shimfiɗa ganyen darbejiya, sannan dawa ta shiga. Da zai tashi yau ya ga abin da ka ajiye da sunansa, da sai ya ja kunnenka a gaban 'ya'yanka."

Mutumin ya ce da muryar da ba a san shi da ita ba, "To in na ƙone shi, Baffa, me ya rage mini na Baba?"

Matarsa ce ta amsa. Ta ɗauko zangarniya ɗaya mai nauyi daga kan tabarma ta sa masa a hannu ta ce, "Baban Afiniki, wane iri kake shukawa tun da Baba ya rasu? Ba nasa ba ne? Ga dawarsa nan cike da tsakar gida."

Ya dubi zangarniyar, ya dubi tsakar gidan, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya sa wa tsohon damin wuta da hannunsa.

Suka shanya dawar ta sha rana. Suka ware mai huji suka fara ci da ita. Aka mayar da dutsen, aka yaɓe tsagar, aka turara, aka zuba toka kewaye da duwatsun saboda gara. A karo na fari tsintsiyar matar ta shiga rumbu, kuma maigidan ne ya riƙe mata tsani.

Da yamma ta yi, maƙwabta suna zaune a ƙofar gida inda ya taɓa kunyata ta, sai ya kira ta. Ta leƙo tana zaton wani sabon laifi ne. Ya ce, "A nan na ce ke ƙazama ce, a nan kuma zan janye. Ƙazantar tawa ce, na kuma sa mata sunan ubana. Ki yafe mini. Na gode da sharar da kika yi ta yi ina zaginki." Ta rufe fuska da gefen zaninta ta ce, "Ya wuce. Tuwo na kan wuta," ta koma ciki da sauri.

Washegari kuma aka gan shi da ƙwarya cike da dusa a ka, ya nufi gidan tsohon. Tsohon ya ce, "Lafiya? Gidan mai unguwa za mu?"

"A'a Baffa, ba wurinka na zo ba. Wurin Tsagera na zo, na kawo masa gaisuwa."

Daminar shekarar nan ta zo ta wuce, dawa ba ta yanke a gidan ba har gero ya nuna.

Ga ma'anar wannan misali, ku buɗe kunne, har da masu gyangyaɗi.

Rumbun nan zuciyar mutum ce. Sabuwar dawa ita ce alherin da Ubangiji yake zuba mana ba fashi: Maganarsa, da lafiya, da 'ya'ya, da zumunci, da gafara. Ba ya rowa. Kowace kaka yana cikawa har baki. To me ya sa wasunmu ba sa kai damina? Mutum ya fito daga sujada cike da murna, kafin Laraba ya zama fanko, in an taɓa shi gari ne ke tashi. Ba wai ba a zuba masa ba ne. Akwai abin da ya kwantar a gindi, ya hana a taɓa.

Tsohon damin nan shi ne abin da muka ajiye muka raɗa masa suna mai kyau. Da ya zo da mummunan suna, da tuni mun jefar da shi. Ba wanda yake cewa, "Ina riƙe da gaba." A'a, cewa yake, "Ai gidanmu ba ma shiga gidan su wane tun zamanin kakanni." Ba wanda yake cewa, "Ni mai girmankai ne." Cewa yake, "Mu a zuriyarmu ba a raina mu." Wata tana riƙe da maganar da aka faɗa mata ranar bikinta, yanzu har ta yi jika, tana ce wa abin hankali. Wani ya gaji faɗan iyakar gona, yana ce masa riƙon amanar uba. Ka tambaye shi alherin da uban ya yi, nawa ya gada? Uban yana ciyar da baƙo, yana gaida marar lafiya, yana tashi addu'a da asuba. Wannan duk ya bar shi a gona, ya rungumi kara da igiya. In kuna son girmama iyayenku, ku shuka irin da suka bar muku. Abin da ya ruɓe kuwa, ku sa masa wuta, ba za su yi fushi ba.

Hodar kasuwa da kyanwa da tarko, su ne gyaran da muke yi a sama inda ido ke gani. Sabuwar riga ranar Lahadi, murya mai daɗi a ƙungiyar mawaƙa, baiko a ɗaga hannu sama don a shaida. Ba laifi ba ne, amma ƙwaro yana ƙasa yana cin abincinsa. Faɗa da maƙwabci a kan jujinsa kuwa, wannan ba sai na fassara ba. Kowa a nan ya san jujin wani fiye da gindin rumbunsa.

Matar nan ita ce duk wanda Allah ya ajiye kusa da kai yana yin ƙananan abubuwa kullum ba gajiya, yana kuma gaya maka gaskiya. Sharar yau da gobe ita ce addu'ar safe, da neman gafara tun rana ba ta faɗi ba, da toshe ƙaramin rami tun bai zama ƙofa ba. Ba abin kallo ba ne, ba a yi masa tafi. Amma shi yake tsare gida. Maza, da ku nake. Akwai wadda take share muku gida da zuciya shekara da shekaru, ladanta tsawa. Yau in kun koma, ku buɗe baki ku ce kun gode. Harshe ba zai karye ba. In a gaban mutane kuka kunyata ta, a gaban mutane za ku wanke ta.

Kada kuma wani ya ce ai wannan duk maganar ruhu ce, ya koma gida ya bar kwano ya kwana da miya. Jikin nan da gidan nan Allah ne ya ba mu riƙo. Ku rufe abinci, ku kife abin da ke tara ruwa, ku shanya shimfiɗa, ku toshe rami, ku kwashe rumbu da buhu da kwali kafin ku zuba sabo. Yaron da sauro ya kwantar ba ya zuwa makarantar Lahadi.

Saura Tsagera. Tsagera shi ne abin da ya keto dangarka ba ka gayyace shi ba. Ciwon da ya kwantar da kai har ka sami lokacin tunani. Maganar da wani ya yaɓa maka ba ladabi, amma gaskiya ce. Kunyar da ka sha a gaban jama'a. A ranar kam, sanda muke nema. Muna cewa Allah ya yashe mu, rumbu ya tsage. Alhali Ubangiji ya ga abin da ke hawowa daga ƙasa, ya ga damina na tafe, ya ga yaran da za su kwana da yunwa, ya san kuma da lallashi ba za mu taɓa kwashewa ba. An yi mana lallashin, mun ce an tsone wa ubanmu ido. Sai ya bari a tsaga mu tun da sauran abin da za a ceta. Wannan ba fushi ba ne, jinƙai ne. Ni dai ban san wani uba da zai yi wa ɗansa fiye da haka ba.

Saboda haka mu gode. Mu gode don rumbun da ya cika, mu gode don hannun da yake shara, mu gode don tsohon da ya faɗi gaskiya bai ji tsoron sanda ba. Kowa kuma ya zauna ya tuna da nasa Tsageran, wanda ya daɗe yana tsine wa. Wataƙila saboda shi ne yau akwai tuwo a gidanka. Ka ajiye sandar, ka nemi ƙwarya, ka kai masa dusa.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji, wanda yake ganin gindin rumbu, bai kuwa fasa cika shi ba. Amin.